Sabuwar Mota: Ina Iyakar Tattali?

Akwai wani abin farin ciki da ikilisiyoyi da yawa suka saba gani bayan an tashi sujada ranar Lahadi. Jama'a sukan kewaye wata ƙaramar mota a harabar majami'a, fentinta yana ɗaukar ido, fasto ya karɓi makulli ya yi addu'ar keɓewa, dattawa su ɗora hannu, zumuntar mata su rangaɗa guɗa. Mai motar kuwa, da muryar da godiya ta raunana, yakan ce, "Baba Fasto, motar nan ta Ubangiji ce, ni direba ne kawai." Kowa ya amsa da amin.

Bayan wata guda sai a ga motar can a ƙarshen fili, nesa da sauran motoci kada wani ya buɗe ƙofa ya buge ta, nesa da inuwar mangwaro kada tsuntsu ya ɓata ta. Ledar da ta zo da ita daga kamfani tana nan a kan kujeru. Yara sukan tuɓe takalma kafin su shiga, ba a cin gyaɗa a ciki, ba a jingina da ita. Ran da aka yi ruwan sama, wata gwauruwa da ta yi rawa a ranar keɓewar tana tafiya gida a ƙasa, motar ta wuce ta a hankali, da kujeru biyu babu kowa, domin ƙafafunta da taɓo. Shin wannan tattali ne irin na mai riƙon amana, ko kuwa wani abu ne dabam da ya ari sunan tattali?

Adalci ne a fara da jin ta bakin mai motar, gama yana da hujja. An yi zamani a Nijeriya da sabuwar mota ba abin mamaki ba ce ga ma'aikaci. Bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, kuɗi ya shiga hannun ma'aikata, a shekarun nan ne kuma Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Malamin makaranta yakan karɓi bashin mota ya fito da sabuwa fil. Daga 1986, da tsarin gyaran tattalin arziki ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, ƙasa ta koma ga tokumbo, motocin da aka gama yayinsu a Turai da Amurka, waɗansu ta Kwatano suke shigowa. Sa'an nan a ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Litar man da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kayan gyara da ake shigowa da su suka bi sahu. Saboda haka wanda ya sayi sabuwar mota a yau, ko da ƙarama ce irin su Kia Picanto ko Suzuki, sau da yawa kuɗin sallamarsa na aikin shekara 35 ne ya zuba a ciki, ko bashin da zai yi shekaru yana biya. Masu mota da yawa kuma inshorar da doka ta tilasta kaɗai suke da ita, wadda ke biyan ɓarnar da aka yi wa wani, ba ta biyan gyaran motar mai ita. In acaba ya lotsa masa ƙofa, daga aljihunsa ne. Ga ƙaramar mota gindinta kusa da ƙasa, ramin da babbar mota za ta tsallake ita sai ta ji a jikinta. Mutumin da ya san duk wannan, ba hauka ba ne in gabansa ya faɗi sa'ad da yaro ya nufo motar da ƙusa a hannu.

Littafi Mai Tsarki ma bai goyi bayan sakaci ba. Karin Magana sura 27 ta gargaɗi makiyayi ya san halin da garkensa yake ciki, a Yahaya sura 6 kuma Ubangiji Yesu, bayan ya ciyar da dubbai, ya sa aka tattara gutsattsarin da suka rage har kwando 12. Canja baƙin mai a kan kari, duba birki da taya, ƙin ba da makulli ga saurayin da ba shi da lasin, ƙin loda wa motar mutum biyar buhunan siminti, duk waɗannan hankali ne, wasu ma ceton rai ne. Wanda ya kira su rowa bai yi gaskiya ba.

To, a ina tattali yake juyewa? Agustin, bishof na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya rarrabe abubuwa gida biyu: waɗanda ake ƙauna domin kansu, da waɗanda ake amfani da su domin a kai ga abin da ake ƙauna. A ganinsa zunubi sau da yawa ba son mugun abu ba ne, son abu mai kyau ne a matsayin da ba nasa ba. Abin sha'awa, misalin da ya bayar na matafiya ne da suka shagala da daɗin abin hawa har suka manta da gidan da suka nufa. Mota abin hawa ce. An ƙera ta domin ta ɗauki mutane daga nan zuwa can, darajarta duk a nan take. Muddin wanke ta da gyara ta suna sa ta ɗauki mutane lafiya, tattali ne. Ran da aka bar mutane a ƙasa domin motar ta zauna da tsabta, bawa ya hau gadon ubangidansa.

Abin dariya a ciki, in akwai, shi ne wannan irin kiyayewa ba ta ma kiyaye motar. Motar da aka lulluɓe da tampol mako da mako batirinta yakan mutu, tayoyinta suna tsufa ko ba su taka titi ba, ɓeraye kuma sukan samu masauki su ci wayoyi. Kuɗinta a kasuwa ya fara sauka tun ranar da aka yi mata lamba, ko leda tana kan kujera ko babu. Ledar kanta an sa ta ne domin ƙurar jirgin ruwa da ta wurin sayarwa, ba domin iyali su yi shekara suna zamewa a kanta cikin gumi ba. Mai motar yana ajiye wa wanda zai saye ta hannu na biyu kujerun da shi da 'ya'yansa ba su taɓa jin laushinsu ba. Karin Magana 14:4 ta riga ta lura da wannan game da shanun noma: hanya ɗaya ce tak ta samun garke marar kashi, wato a rasa shanun, tare da amfanin gonar da ƙarfinsu yake kawowa.

Amma asarar da ta fi girma ba a jikin mota take ba, a cikin gida take. A ɗauki yaro ɗan shekara shida da ya koyi rubuta sunansa a makaranta, ya ga ƙofa mai sheƙi, ya ɗauki dutse ya rubuta. Laifi ne, ya kuma cancanci tsautawa. Amma in uban ya dake shi dukan da bai taɓa yi masa ba ran da ya yi ƙarya ko ya zagi mahaifiyarsa, yaron ya koyi darasin da ba za a kankare ba: a gidan nan ƙarya tana da sauƙi, taɓa fenti ne babban zunubi. Yara ba sa auna ƙaunar iyaye da abin da aka faɗa a addu'ar safe, suna auna ta da abin da ke sa fuskar uba ta canja. Haka matar da ta sa albashinta ko kuɗin adashinta a sayen motar, ta koyi tuƙi, amma in ta ce, "Maigida, bari in kai Mama asibiti da ita," sai a ce ta hau Keke Napep. Mai fenti zai rufe karcen ƙofa cikin yini biyu. Irin wancan karcen kuwa yakan kai shekara ashirin yana fitowa a magana.

Annabi Yunusa ya san wannan ciwo. Allah ya tsiro masa da wata 'yar shuka ta yi masa inuwa, ya yi murna da ita ƙwarai, da tsutsa ta cinye ta ya husata har ya roƙi mutuwa. Tambayar da aka rufe littafin da ita ta ɗora tausayinsa ga shukar kusa da rashin tausayinsa ga Nineba, birnin da ke da mutum fiye da 120,000. Ba a zarge shi don ya ji daɗin inuwa ba. An nuna masa ne cewa ma'auninsa ya karkace. Mai ƙaramar mota yana iya cewa shi ya fi Yunusa hujja, tun da shi ya yi wahalar tasa, Yunusa kuwa bai dasa ba, bai yi ban ruwa ba. Gaskiya ne. Sai dai ƙarfin yin wahalar da shekarun da aka yi ta, su ma ba shi ya dasa su ba.

Gwajin gaske da dare yakan zo. Ƙarfe ɗaya ana buga ƙofa, maƙwabci ne: "Baba, ka taimake ni, matata ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa." Ko kuwa a hanyar dawowa daga ƙauye a tarar da ɗan acaba kwance a gefen titi. Masana lafiyar mata sun daɗe suna faɗa cewa zubar jini bayan haihuwa yana iya ɗauke rai cikin sa'o'i biyu in ba a kai ga taimako ba, a unguwanni da yawa kuma babu motar asibitin da za a kira ta zo. Motar maƙwabci ita ce motar asibitin. A nan ma dole a yi gaskiya: akwai tsoron 'yan fashi da dare, akwai tsoron a kai mai rauni asibiti a wayi gari ana amsa tambayoyin 'yan sanda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa, Hukumar Kiyaye Haɗura kuma, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar kira ta 122, amma kowa ya san doka a takarda dabam take da abin da ake tararwa a bakin ƙofa. Wanda ya ji tsoron ransa, ba mai hukunta shi da sauƙi. Tambayar da ta rage, wadda shi kaɗai da Allah suka san amsarta, ita ce: a daƙiƙar farko, me ya fara zuwa masa a zuciya, 'yan fashi ko kujerar baya? Mutane da yawa sun fake da tsoro mai daraja domin su rufe tsoro marar daraja. Basamariyen da ke Luka sura 10 a hanya mai 'yan fashi yake, tsakanin Urushalima da Yariko, duk da haka ya ɗora mutum mai jini a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya dinari biyu.

Wani zai ce, ai dabbar Basamariye ba sabuwa ba ce. Ba a faɗa ba. Amma Bishara ta ambaci sababbin abubuwa biyu a makon ƙarshe na Yesu kafin tashinsa. Ɗaya aholaki ne da ba a taɓa hawa ba, wanda aka kwance kusa da Betafaji da Betanya, masu shi suka tambayi dalili, da aka gaya musu wanda yake bukata suka sake shi. Ɗayan kuwa sabon kabarin da Yusufu mutumin Arimatiya ya sassaƙa wa kansa a dutse, ya ba da shi ga gawar wanda aka gicciye. Dukansu biyu amfaninsu na fari ga wani ya tafi. Wannan ne ya sa addu'ar keɓe mota ba wasa ba ce. In ma'anarta kawai a roƙi tsari daga haɗari, to ba ta da bambanci da layar da ake ratayawa a madubi. In kuwa da gaske an ce motar ta Ubangiji ce, to Mai ita yana da ikon aiko fasinja, ba kuma lallai ya aiko mai tsabtar ƙafa ba.

Ikilisiya ma tana da nata rabon laifi. Inda aka mai da mota shaidar cewa Allah ya amsa addu'ar mutum, ba mamaki in mai ita ya ɗauki ƙwarzane kamar tabo ne a kan shaidarsa. Akwai kuma 'yan'uwa da ke ɗaukar motar wani kamar ta gwamnati: a cika ta har ta durƙusa, a buga ƙofa da ƙarfi, a kai mutum biki gari mai nisa ba wanda ya ce ga kuɗin lita biyu. Irin wannan hali shi ke koya wa mai kirki rufe gilashi. Komitin da ya roƙi mota domin ziyarar marasa lafiya ko fita bishara, ya kamata ya sa kuɗin mai a lissafinsa, ya kuma mayar da ita a wanke.

Tun da da dare ba a samun lokacin shawara, iyalan da suka yi dabara tun da rana suke yanke ta. Miji da mata su zauna su amince a kan abin da ba za a yi da motar ba, kamar lodin da ya wuce kima da ba da ita ga marar lasin, da abin da ba za a taɓa ƙi ba, kamar naƙuda da rauni da tsoho a cikin ruwan sama. A gaya wa yara dokokin tare da dalilinsu, a kuma gaya musu tun kafin ya faru cewa karce na fari zai zo, ba kuwa wanda zai kwana da yunwa saboda shi. A cire ledar, a sayi rigar kujera da ake iya wankewa da shimfiɗar roba ta ƙasa. A but kuma a ajiye tsohon bargo, da babbar leda, da safar hannu ta roba, da tocila. Jini, in an wanke shi da ruwan sanyi da sabulu tun bai bushe ba, yakan fita daga yadin kujera. Ruwan zafi ne yake kafe shi.