Ruwan Sama da "Ba Ruwana"

Bature yana da kalma guda ta ruwan da ke zubowa daga sama, da wata dabam ta wanda ake ɗiba a randa. Mu Hausawa kuwa duk ruwa muke ce musu, kuma ba mu tsaya nan ba. Mun ce ruwan toka, mun ce ruwan goro. Wanda ya kasa zaɓe mun ce ruwan ido gare shi. Abin da mai ba da bashi ke ɗorawa bisa uwar kuɗi, wanda addini ya hana, shi ma kuɗin ruwa ne. Duk waɗannan ba su dame mu ba. Wadda ta tsaya mana a rai ita ce "ba ruwana".

Abin mamaki ne a ce abin da ya fi kome haɗa mu, sunansa muke ara in za mu janye jiki. In damina ta yi jinkiri a Maiyama, ba wanda ke ƙin fita roƙon ruwa don gonarsa ƙarama ce. Mai albasa a Aliero ya san ruwan da injin maƙwabcinsa ke ja da rani daga ƙasa ɗaya yake fitowa da nasa. Ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafa a fadamun Kebbi ba ta tambayi gonar wa ce ba, mu kuwa da ke bakin Gulbin Zamfara a Jega mun san halin gulbi in ya cika.

Amma fa mu yi adalci. Akwai "ba ruwana" ta mutunci, wato ta wanda ya ji asirin gidan wani ya kama bakinsa. Ba don ita ba, da tsegumi ya hana mu zaman unguwa ɗaya. Wahalar ita ce lafazinta ɗaya da ta mutumin da ya ga shara ta toshe magudana ya wuce, don gidansa yana kan tudu. Kunne ba ya rarrabe su, sai an duba wa zai cutu da shirun.

A aji muna gamuwa da wannan kowane zango. A tambayi ɗalibai wa ya ƙwace wa ƙaramin yaro littafinsa, sai a ji, "Malam, ba ruwanmu." Mukan yi faɗa, har mu ɗauko bulala. Sa'an nan a tashi makaranta, mu hau babur, mu iske magudanar nan da ta toshe tun bara, mu ɗage ƙafa kada ruwan ya ɓata mana wando, mu nufi gida.