Kacala, Auduga da Tambayar Imam Gazali

Masuncin da ke tura kwalekwalensa cikin fadamar Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, ba ya bukatar a yi masa bayanin kacala. Ita ce ciyawar da ta toshe masa hanyar ruwa, ita ce kuma masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye wa manomi gero da shinkafa. Abin da ba lalle ya sani ba shi ne, ƙarfin ganyenta da zaren rawaninsa duk abu ɗaya ne, selulos, wanda Bafaranshe Anselme Payen ya fara tacewa daga tsirrai a 1838.

Da farko an ɗauka tsirrai kaɗai ke yin sa. A 1886 wani Bature ɗan Ingila, A. J. Brown, ya duba yanar da ke taruwa a saman ruwan khal, ya tarar ita ma selulos ce, kuma ƙwayoyin bakteriya ne suka saƙa ta. Sai a 2013 aka ga siffar sinadarin da ke wannan aiki, a ɗakin binciken Jochen Zimmer da ke Jami'ar Virginia a Amurka. Sunansa BcsA. Yana zaune a fatar ƙwayar, yana ɗaukar sukarin gulukos ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurawa, yana tura zaren waje ta wata 'yar kafa, kamar tsohuwa da mazarinta. Ba ya ma fara aiki sai wani ƙaramin sinadari, c-di-GMP, ya zo ya buɗe masa ƙofa. Moshe Benziman da abokan aikinsa suka gano wannan a 1987. Masana da yawa na ganin tsirrai ma daga bakteriya suka gaji wannan sana'a.

To, wa ya yi zaren?

Tambayar ta girmi madubin likita. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da auduga ya buga misali a Tahafutul Falasifa, ita kuwa auduga kusan zallar selulos ce. A wajensa, in wuta ta taɓa auduga ta ƙone, haɗuwarsu kawai ido ya gani. Allah ne Ya halicci ƙonewar, wuta al'ada ce da Ya gudanar. Ibn Rushd na Andalus ya mayar masa da martani cewa musun sababi rushe ilimi ne baki ɗaya. Malaman zaure a ƙasar Hausa, da suka tashi kan Ummul Barahin ta Imam Sanusi, ɓangaren Gazali suka bi.

Sai dai akwai inda ake yi wa Gazali mummunar fahimta. Bai ce al'adar ba ta da tsari ba, bai kuma hana a karance ta ba. Wanda ya ga BcsA yana ɗaura sukari bai kori Mahalicci daga fage ba, ya dai ga al'adar a kusa. Sinadarin bai san me yake saƙawa ba, ba shi da niyya, don haka ba a yaba masa, ba a tuhumarsa.

Mutum kuwa yana da niyya, kuma nan ne zancen ya dawo Baturiya. Kacala ba daga sama ta faɗo ba. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, yanayin kogin Haɗeja ya sauya. Da, ambaliya kan zo da damina, rani ya busar da magudanai. Yanzu ruwa kan kwanta a wurare da dama duk shekara, laka ta taru, abin da kacala ke so ke nan. Ta cika magudanar Marma har zuwa Nguru. Wanda ya ce haka Allah Ya so bai yi ƙarya ba, amma aƙidar da ta koya masa wannan ita ce ta koya masa kasabi, cewa bawa ana tambayarsa kan abin da hannunsa ya aikata. Lokacin sakin ruwa da yawansa, a ofis ake yanke su.

An sa Baturiya cikin jerin muhimman dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Jama'ar garuruwan gaɓar kogin kuwa har yau sukan yi gayya, su shiga ruwa da lauje da adda suna yanke kacala, shanun makiyaya na jiran sabon tohonta, wanda su ma ba sa iya narkarwa sai da taimakon wasu bakteriya da ke cikin tumbinsu.