Wa Ya Mallaki Irin Da Ke Jure Fari?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A shekarar 2013 wata hukumar ɗaukaka ƙara a ƙasar Indiya ta ƙi bai wa kamfanin Monsanto na Amurka takardar mallaka a kan wata dabara ta sanya wa tsiro ƙwayar halittar bakteriya domin ya jure fari da zafi da sanyi. Hujjar hukumar ita ce an riga an san wannan sinadari, kuma gano wani sabon amfani na abin da aka sani ba ƙirƙira ba ne. A shekarar nan kuma Kotun Ƙolin Amurka ta hukunta cewa manomin da ya sake shuka waken suya mai takardar mallaka ba da izini ba ya ci haƙƙin kamfanin.

To, mene ne matsayin Shari'a? Musulunci bai yarda a tauye wa mai aiki ladansa ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce wadda bai halatta a ci ta ba. Saboda haka masanin da ya share shekaru yana bincike ya cancanci sakamako.

Amma fa haƙƙin nan yana da iyaka. Cikin Suratul Waƙi'a Allah Maɗaukakin Sarki Ya tunatar da manomi cewa nasa shuka ne kawai, tsirarwa kuwa ta Ubangiji ce. Masani bai halicci ƙwayar ba, tararwa ya yi. Masarar ma da ya sanya ta a ciki, manoma ne suka yi dubban shekaru suna zaɓen irinta. Sa'an nan Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana ɓoye abinci domin ya yi tsada. Malamai suna duban dalilin hanin, watau cutar da jama'a. Riƙe iri a shekarar fari kuwa ya fi riƙe hatsi muni, gama shi ne abincin baɗi.

Maganar ta shafe mu. A 2024 Nijeriya ta amince da masarar TELA mai jure fari, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta yi aikinta, kuma masu fasahar ba su ɗora mata kuɗin mallaka ba. Wannan abin yabo ne. Sai dai kyauta daban, haƙƙi daban. Wajibi ne hukuma ta tsare wa manomi ikon ajiye irinsa na gado, shi kuma kada ya wofintar da shi. Wanda ya ga farin 1973 ya san darajar damin da aka keɓe domin iri.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga zalunci da cin haƙƙi. Amin.