Lissafin da Ake Cin Amana da Shi

Wata magana ta fara zama ruwan dare a bakin 'yan boko da 'yan kasuwar intanet, kuma guba ce. Wai aiki ba shi da kyau ko muni a karan kansa, sai an ga abin da ya haifar. In ƙarshe ya yi daɗi, to hanyar da aka bi ba ruwan kowa. Na ji ta da kunnena daga ma'ajin ƙungiyar unguwarmu, ranar da aka titsiye shi kan kuɗin marayu da ya zuba a kirifto ba da sanin kowa ba. Yana zaune a bakin tabarma, ya kifa hularsa a gwiwa yana murzawa, ya ce ai da abin ya yi riba, marayu talatin za su amfana maimakon goma. Ko sisi bai dawo ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne matasa biyu da na ga suna gyaɗa masa kai.

Tunanin yana da asali. Jeremy Bentham, Baturen Ingila da ya rasu a 1832, ya koyar da cewa ma'aunin aiki shi ne yawan jin daɗin da ya jawo wa mafi yawan mutane, John Stuart Mill kuma ya zo ya yi masa kwaskwarima. Sai dai masu ɗauko shi a yau rabin karatun suka yi. Tun 1785 Immanuel Kant ya kafe a kan cewa ba a mayar da ɗan Adam tsanin hawa kawai, komai girman abin da ake nema. A 1976 Judith Thomson ta Amurka ta buga misali da likita mai majinyata biyar, kowanne na buƙatar dashen wata gaɓa, ga kuma lafiyayye guda a hannunsa. Biyar sun fi ɗaya. To ya yanka shi? Wanda duk ya ce e, kada a bar shi kusa da asibiti.

Ku dubi Sam Bankman-Fried, tsohon mai kamfanin FTX. Da bakinsa yake kiran kansa mabiyin mazhabar Bentham, yana cewa tara dukiya yake don ya rabar. Kamfanin ya rushe a Nuwamba 2022, kusan dala biliyan 8 na masu ajiya suka salwanta, a Maris 2024 kotu ta ba shi shekara 25. Irin wannan lissafi, mai riƙe da kuɗin ne ke yinsa shi kaɗai, shi ne alƙali, shi ne shaida, asarar kuma a wuyan wasu take sauka.

Wasu namu kuma sun naɗa wa abin rawani, sun kira shi maslaha. Ku ji tsoron Allah! Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna maslaha a littafinsa Al-Mustasfa, ya kuma ɗaure ta da igiya uku kafin a taɓa haƙƙin wanda bai ji ba bai gani ba: ta zama larura, ta zama tabbas, ta kuma shafi al'umma gaba ɗaya. Har misalin jirgin ruwa ya kawo, wanda ke shirin nutsewa sai an rage mutum ɗaya. Bai yarda a jefa shi ba, ko da ƙuri'a aka yi.

Ma'ajinmu ba jirgi ne ke nutsewa da shi ba. Wani hoto ya gani a waya, layi kore yana hawa sama. Uwar uku daga cikin marayun tana tsaye a zaure ranar, da takardar kuɗin makaranta a naɗe cikin gefen mayafinta.