Gyaran Mota da Ma'aunin Adalci

Mas'alar da za mu duba a wannan mako a gareji na tsinto ta, ita ce kuwa: ta yaya mutum zai san an yi masa adalci a kan kuɗin aikin da shi kansa bai san kansa ba?

Ina da wata tsohuwar mota Peugeot 504, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a shekarar 1975, na gaje ta daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Kwanakin baya sai ta soma gardama, da safe ta ƙi tashi, in ta tashi kuma ta riƙa fizga tana tari. Na kai ta wurin wani bakanike, ya buɗe ya duba ya girgiza wani abu da hannunsa, sa'an nan ya ce, "Malam, distiributa ce ta mutu, sai an sake ta ɗungurungum, ka kawo naira dubu 60." Na ji abin ya yi mini nauyi, sai na wuce wurin wani. Shi kuwa ya sake murfinta da kwantak da kwandensa, cikin abin da bai kai rabin sa'a ba, ya karɓi naira dubu 15, mota ta tashi sumul. Daga nan na yanke wa na farkon hukunci a zuciyata, har na faɗa wa malamai biyu abokan aikina cewa macuci ne, su guje shi.

Kafin mu ci gaba ya kamata mai karatu ya san aikin wannan na'ura, domin hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. Batirin mota wutarsa bolt 12 ce kawai, ba ta isa ta kunna fetur ba, saboda haka akwai kwayil wanda yake ɗaga ta zuwa dubbai. Ita distiributa aikinta raba wannan wuta ga fulogai, kowanne a lokacinsa, kuma a yawancin injuna masu silinda huɗu jerin shi ne 1, 3, 4, 2. A cikinta akwai sanda mai juyawa sau ɗaya duk lokacin da injin ya juya sau biyu, a kanta akwai rota mai miƙa wutar ga wayoyin da ke jikin murfi, a ƙasa kuma akwai kwantak, wanda yake buɗewa yana rufewa da tazarar da ba ta kai rabin milimita ba. Wani Ba'amurke mai suna Charles Kettering shi ya tsara wannan hanya, aka fara sa ta a motar Cadillac a 1910. Motocin yanzu sun bar ta, kwamfuta ce ke raba musu wuta, amma tsofaffin da talaka ke hawa da yawansu suna nan da ita.

To, bayan wata biyu sai cutar ta dawo. Na koma wurin na biyun, ya sake dubawa ya ce, "Gaskiya Malam, mazaunin sandar ne ya cinye, tana rawa, shi ya sa tazarar kwantak ba ta zama daidai. Ko na sake maka sabo, zai ƙara lalacewa." Watau abin da na farkon ya gano tun da ya girgiza ta da hannu ke nan. Ashe ni ne na ci naman mutum a kan jahilcina, na kuma yi masa asarar masu kawo aiki. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma Alkur'ani mai girma a cikin Suratul Hujurati ya gargaɗe mu game da yawan zato, ya haɗa shi da bincike da giba a aya guda. Na je na nemi gafararsa, na kuma koma wa malaman nan biyu na janye maganata, abin da ya fi biyan naira dubu 60 ɗin wuya a gare ni.

Sai dai a wurin neman gafarar ne wata magana ta fito. Na tambaye shi nawa ne kuɗin kayan, nawa ne ladansa, sai ya yi murmushi ya ce distiributar ta hannu ce, irin wadda ake kira Beljiyam, zai samo ta a dubu 40, ya ce mini dubu 50, ladan aiki dubu 10. Na ce don me? Ya ce, "Malam, in na ce ladana dubu 20 ne ba wanda zai biya, sai a ce ɗaure kusoshi biyu ne kawai. Shi ya sa muke ɓoye haƙƙinmu a cikin kuɗin kaya." Wannan amsa ta tsaya mini a rai, domin ta nuna cewa cutar tana tafiya ta fuska biyu: mai mota yana raina ilmin bakanike, bakanike kuma yana ramawa da ƙarya.

Bari mu fara da haƙƙin ma'aikaci. Mutane da yawa suna auna lada da tsawon lokaci ko yawan gumi, alhali abin da ake saya a wurin gwani har da shekarun da ya yi yana koyo. Sa distiributa ba ɗaure kusoshi ba ne kaɗai, sai an daidaita injin, an sa rota ta fuskanci wayar silinda ta ɗaya, sa'an nan an saita lokacin wuta. In aka kuskure, injin ya riƙa zafi yana shan mai, har ya kai ga lalacewa. Wanda ya iya wannan ya cancanci a biya shi a kan saninsa. Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi wanda a cikinsa aka lissafa mutum uku da Allah da kansa zai zama abokin shari'arsu ranar ƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya sa ma'aikaci aiki, aka cika masa aikin, ya hana lada. Ibnu Majah kuma ya ruwaito umurni da a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Ina masu ɗauke mota su ce "sai na dawo", wata uku ba a gan su ba?

Amma kasancewar an tauye ka ba ya halatta maka ƙarya. In na ba bakanike kuɗi na ce ya sayo mini kaya, ya zama wakilina, wakili kuwa amintacce ne, duk abin da aka rage masa a kasuwa nawa ne, in ya riƙe ya ci amana. In kuwa kayan nasa ne yake sayar mini, yana da ikon cin riba, muddin bai ce "haka na sayo" alhali ba haka ba ne, kuma bai ba ni tsoho da sunan sabo ba. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi a kan ɓoye aibin, ya kuma barranta daga mai algus. Haka kuma tsohon ƙarfen da aka cire daga mota dukiyar mai mota ce, ba ya halatta a riƙe shi sai da yardarsa.

To, mene ne ma'aunin farashi? Shari'a ba ta yanka adadi ba. An ruwaito daga Anas cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka nemi Annabi ya ƙayyade farashi, bai yi ba. Abin da malaman fiƙihu suka koma gare shi shi ne ujratul misli, watau abin da masu irin wannan sana'a suke karɓa a kan irin wannan aiki a wannan gari da wannan zamani. A mazhabar Imamu Malik asalin ciniki yarda ce, ko da wani ya ci riba mai yawa, amma an ware wanda ake kira mustarsil, shi ne wanda ya sallama ya ce, "Ni ban sani ba, yi mini kamar yadda kake yi wa mutane." Cutar irin wannan haramun ce, kuma yana da ikon warware cinikin. Alƙali Ibnu Asim na Andalus, a cikin Tuhfatul Hukkam, ya kawo cewa ana sauraron ƙarar wanda aka yi wa tsada in ya kasance jahilin abin ne, tsadar ta kai sulusi ko fiye, kuma shekara ba ta wuce ba. Yawancinmu in mun tsaya a gaban buɗaɗɗen inji mustarsilai ne, saboda haka nauyin da ke wuyan bakanike ya fi na mai sayar da tumatir, wanda kowa ke ganin kayansa.

Malamanmu sun ƙara da cewa mai sana'ar da ya kafa kansa don jama'a shi ke da lamunin abin da aka bar masa in ya ɓata ko ya lalace a bayan idon mai shi, sai in akwai shaida cewa ba da sakacinsa ba ne, kamar yadda Ibnu Abi Zaid ya ambata a cikin Risala. Sun kuma sharɗanta a san lada kafin a fara aiki. Al'adarmu ta "yi kawai, ba za mu ɓata ba" ita ce uwar yawancin rigingimun gareji. In ana shakkar inda cutar take, akwai hanyar ju'ala, watau jinga a kan biyan bukata: in mota ta warke ka karɓi kaza, in ba ta warke ba babu lada.

Saboda haka shawarata ga mai mota ita ce ya nemi a nuna masa abin da ya lalace, a raba masa kuɗin kaya da ladan aiki, ya tambayi masana biyu ko uku, sa'an nan ya biya gwani haƙƙinsa ba da ƙunƙuni ba, ya kuma kame bakinsa daga kiran mutum ɓarawo a kan abin da bai sani ba. Shi kuma bakanike ya faɗi ladansa a fili ko da za a ji tsada, in akwai gyara mai sauƙi da mai ɗorewa ya bayyana duka biyun ya bar mai mota ya zaɓa. Bakanike na biyu da ya girgiza sandar tun farko da bai sa ni asarar dubu 15 ba, na farkon kuma da ya nuna mini ita da idona da ban zarge shi ba. A ƙarshe wurinsa na yi gyaran, na ba shi dubu 40 na kaya da dubu 20 na lada, adadin bai sake ba, amma babu ƙarya a cikinsa.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna, Ya sa albarka a cikin sana'o'inmu. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Ya kai mu. Wassalamu alaikum.