Idan Iyawa Ta Gushe, Darajar Mutum Takan Gushe Ne?

'Yan'uwa cikin Kristi, akwai wata jarrabawa da takan faɗa wa iyalan da ke renon yara masu larurar Down, wato waɗanda aka haifa da ƙwayoyin gado 47 maimakon 46, kamar yadda Likita Jérôme Lejeune da abokan aikinsa suka bayyana a Faransa a 1959. Iyaye sukan yi shekaru suna koya wa yaro magana da wanka da sa tufafi. Amma a lokacin balaga, kaɗan daga cikin yaran sukan koma baya cikin 'yan makonni: magana ta ɗauke, barci ya ƙaurace, jiki ya sandare, yaro ya daina kula kowa.

A 2022 ƙwararrun likitoci na ƙasashe dabam-dabam suka amince da alamun gane wannan ciwo, wanda ya fi kama masu shekara 10 zuwa 30. Ba taurin kai ba ne, ba kuwa sammu ba. Ya bambanta da ciwon mantuwa na Alzheimer, wanda yawanci sai bayan shekara 40 yake same su. Wani lokaci yakan biyo bayan rasuwa a gida ko canjin makaranta.

To, me muka ƙaunata tun farko, yaron ne ko ci gabansa? Mukan yabe shi da cewa ai har ya iya kaza, sai ka ce iyawar ce kuɗin shigarsa cikin jama'a. In haka ne, ranar da ta tafi ya rasa mazauni. Amma Ikilisiya ta yi masa baftisma tun bai iya furta ko kalma ɗaya ba, ta kuma karɓe shi cikakken ɗa. Darajar da Mahalicci ya bayar, ciwo ba ya ƙwace ta.

Duk da haka, haƙuri ba naɗe hannu ba ne. Wanda ya ce ai dama haka suke, ya ƙi neman magani, ya zalunci yaron. A kai shi ga likita da wuri, a duba jinsa, da numfashinsa cikin barci, da ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayiroid, da farfaɗiya, da baƙin ciki mai tsanani. Da yawa sukan sami sauƙi. Wasu ba sa komawa yadda suke.

Ko ya warke ko bai warke ba, kada mu bar wurinsa a Misa ya zama wofi. Mu ziyarci gidan, mu karɓi uwarsa ta huta, mu ci gaba da kiransa da sunansa ko da bai amsa ba. Allah ya ba mu ikon yin haka. Amin.