Ɗana, Ka Yi Lissafi Kafin Ka Zuba Jari

Ɗana, kai da kullum ake yi wa tallar hanyar arziki ta waya, zauna ka ji labarin Mary Meeker, 'yar Amurka da aka haifa a jihar Indiyana a 1959. Sana'arta nazarin kamfanonin fasaha da zuba musu jari.

A 1995, lokacin da mutane ƙalilan ne suka san intanet, tana aiki a bankin Morgan Stanley. A nan ita da abokin aikinta suka fitar da rahoton da ya nuna wa masu kuɗi inda wannan sabuwar aba ta dosa. Hanyarta ƙirge ce. Mutum nawa ke hawa intanet? Awa nawa suke yi a kai? Kamfanin nan daga ina kuɗi ke shigo masa? Da irin waɗannan tambayoyi ta ba da shawarar sayen hannun jarin Amazon da eBay tun suna ƙanana, har ta samu laƙabin sarauniyar intanet.

Amma saurari sauran labarin. A watan Maris na 2000 kasuwar hannun jarin fasaha ta rufta. Ma'aunin farashin hannun jari na Nasdaq da ya haura 5,000 ya gangaro kusan 1,100 a Oktoban 2002. Hannun jarin Amazon kansa ya zube da fiye da kashi 90 cikin 100. Masu asara suka yi mata ca, wasu har kotu. Hasashenta kan intanet ya tabbata daga baya, sai dai wanda ya saya da tsada da kuɗin bashi bai kai ranar ba. Ita kuwa ta ci gaba da nazarinta, ta koma kamfanin Kleiner Perkins a 2010, daga bisani ta kafa nata mai suna Bond.

To ɗana, idan ƙwararriya irin wannan ta ga kasuwa ta juya mata baya, ina ga kai da wani ya turo wa saƙo cewa kuɗinka zai ninka cikin mako biyu? Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Ka tambayi me ake sayarwa, wa ke saya, daga ina ribar take fitowa. Idan amsa ta gagara, riƙe kuɗinka. Kada ka taɓa kuɗin cefane, ko na makarantar yara, ko amanar wani. Ka nemi sani tukuna, sannan ka yi haƙuri. Allah Ya sa albarka a neman halal ɗinka.